Jan Kunne Ga Fatake A Kan Iskar Babbar Mota

Ina so yau in ja kunnenmu a kan wani abu da muke hawa kansa kullum ba mu san shi ba, watau iskar babbar mota. Wani tsohon almajirina, wanda yanzu bakanike ne, shi ya zaunar da ni a garejinsa ya warware mini al'amarin, na ga bai kamata in ɓoye shi ba.

Ku sani, ya 'yan'uwa, ƙafar direba ba ta da ƙarfin tsai da tirela mai ɗauke da buhu ɗari shida. Iska ce take tsai da ita. Wani Ba'amurke, George Westinghouse, shi ya fito da birkin iska a 1869 domin jirgin ƙasa, daga baya aka sa wa manyan motoci. A jikin injin akwai wata na'ura mai aikin zugazugin maƙeri, tana cusa iska cikin tankuna har agogo ya kai wajen 120, da irin awon da mai faci yake gwada taya. In direba ya taka birki, sai iskan nan ta bi mesa ta danne ƙafafun. Waɗansu motoci kuma, maimakon sifirin na ƙarfe, a kan jakunkunan roba cike da iska jikinsu yake zaune, kamar salka. Ashe kaya da rayuka duka iska ce ta ɗauke su.

Abokin gabarta na farko ruwa ne. Iska in an matsa ta takan yi gumi, ruwan ya kwanta a gindin tanki, balle da damina. Shi ke kawo tsatsa, ya toshe hanyoyi, ya rage wa iska mazauni. Maganinsa ba ya cin kwabo: kowace yamma yaron mota ya ja makunnin da ke ƙarƙashin kowane tanki har ruwan ya tsiyaye. In ya ga baƙin mai ya biyo ruwan, to, zugazugin ya fara lalacewa, a kai wa bakanike. Matatar da take busar da iskar kuwa, a sauya ta bisa ƙa'ida, kada a jira ta mutu.

Na biyu yoyo. Kafin a tashi, direba ya cika tankuna, ya kashe inji, ya danne birki, ya zuba wa agogo ido minti guda. In allura ta sauka fiye da 3 a mota tilo, ko fiye da 4 a mai jan tirela, lalle akwai ɓaraka. A shafa ruwan sabulu a mesa da mahaɗai da jakunkunan, inda ya yi kumfa nan ne. Motar da aka ajiye daidai aka wayi gari ta karkace, jakarta guda ce ta sace. Sa'an nan kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da iska kaɗai ta ɗaga sai an tokare ta da ƙarfe, domin jaka in ta fashe ba ta sallama.

Na uku gaggawa, a nan kuwa laifin ya iso kanmu. In iska ta sauka zuwa 60, jar fitila takan kama, ƙararrawa ta yi kuka. In ta ƙara sauka, wani ƙaƙƙarfan sifirin ya kulle ƙafafun baya, mota ta kafe ko a tsakiyar titi ne. Waɗansu sukan tsinke wayar ƙararrawa, ko su ɗaure sifirin ɗin, don mai kaya yana faɗa kasuwa za ta watse. Wanda ya san gangaren Hawan Kibo, tsakanin Jos da Akwanga, ya san ƙarshen wannan. Direban da ya yi ta taka birki yana saki, yakan ƙarar da iska kafin zugazugi ya mayar, ƙafafu kuma su yi zafi su ƙi kamawa. Daidai shi ne ya sa babbar giya tun daga sama, ya bar inji ya riƙe motar.

To, ya kai falke, kai ne kake biyan kuɗin mota, maganarka tana da nauyi. Kada ka ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. In ka ji direba yana tara iska da asuba, kada ka matsa masa, minti goma ne. Ka tambaye shi ko an zubar da ruwan tanki jiya. In ya ce sai an gyara mesa, ka haƙura ka kwana. Albasa in ta ruɓe a tasha wata shekara a noma wata, amma yaron motar da yake zaune a kan buhunanka, da mai tallan da take bakin titi, ba su da madadi a gidajensu.

Allah Ya kai kowa gida lafiya.