Ina Asalin Kalmar Nan Ta "Fo-Wan-Nain"?

A manyan garuruwan ƙasar nan, ba wuya mutum ya ga an rubuta a jikin bango da Turanci cewa wannan gida ba na sayarwa ba ne, a yi hattara da 419. Ɗalibai kuwa sun mai da kalmar abin ba'a, duk wanda ya saɓa alkawari sai su ce ɗan fo-wan-nain ne. Amma kaɗan ne suka san inda ta samo asali.

Lambar nan ta wani sashe ce a cikin kundin dokokin laifuffuka wanda Turawa suka shimfiɗa wa Nijeriya duka cikin 1916. Sashe na 419 shi ne ya tanadi hukunci ga wanda ya karɓi dukiyar wani ta hanyar ƙarya da niyyar zamba. Sa'ad da wasiƙun damfara suka yawaita cikin shekarun 1980, sai lambar ta fito daga bakin lauyoyi ta shiga bakin jama'a, ta zama sunan laifin da na mai aikata shi. A farkon 2025 ma aka ba da sanarwar cewa ta shiga babban ƙamus na Oxford.

Abin mamaki, wannan sashe ba ya aiki a Kano. Gwamnatin Sardauna ta yi wa Jihar Arewa nata kundin, wato Final Kod, wanda ya fara aiki cikin 1960, kuma a cikinsa babin zamba ya fara ne daga sashe na 320. Sai dai kada mazambaci ya yi murna. Dokar Tarayya ta 2006 ta game ƙasa duka, ta kuma yanka ɗaurin shekara bakwai zuwa ashirin.

Maganar ta shafi wurare irin su Rijiyar Zaki, a kan hanyar Gwarzo kusa da sabon mazaunin Jami'ar Bayero, inda gonakin gero da dawa suka yi ta zama fulotai. Duk inda gona ta zama fuloti, nan mazambaci yake kafa tarkonsa: ya sayar da fili ɗaya ga mutum biyu, ko ya sayar da gonar gado ba da sanin sauran magada ba. Ma'aikacin da ya shekara goma yana tari sai ya wayi gari da takardar banza a hannu.

Saboda haka kafin mutum ya biya ko kwabo, ya tuntuɓi mai unguwa da maƙwabtan filin, ya nemi magada, sa'an nan ya kai takardun ofishin ƙasa a duba masa. Rigakafi ya fi magani.

Ɗalibai kuma su lura: kiran mutum ɗan fo-wan-nain zargi ne na babban laifi, mai iya kai wanda ya faɗa gaban alƙali saboda ɓata suna.