Ƙara wa Kwamfuta Gudu: Saitin Hunturu Ba Lallai Ya Kai Bazara Ba

'Yan uwa ɗalibai, saura sati uku in miƙa furojet ɗina kwamfutata ta ƙi tashi. Na danna maɓalli, fanka na juyawa, allo kuwa baƙi ƙirin. Babi huɗu na ciki, ba ni da kwafi ko a filas. Ba kowa ya ja min ba sai ni kaina, don ni na shiga BIOS na ƙara wa furosesa gudu fiye da yadda kamfani ya saita, abin da masu harkar ke kira obakulokin. Bari in faɗa muku abin da na koya, tunda na ga wasu a ajinmu sun fara sha'awar abin.

Gudun furosesa lissafi ne mai sauƙi: agogon tushe, wanda yawanci 100 MHz ne, sau lambar ninki. Tawa tsohuwar Intel Core i5-2500K ce, samfurin 2011, na saye ta kwance a Kano. Lambarta 33, wato 3.3 GHz. Na mayar da ita 45, ta koma 4.5 GHz. Ba kowace na'ura ke yarda da haka ba. A Intel sai furosesa mai harafin K da madabod da ya dace, galibi jerin Z. Yawancin AMD Ryzen a buɗe suke. Kwamfutocin ofis na HP da Dell da suka cika shagunan intanet kuwa, da wuya ka ga wannan zaɓin a BIOS ɗinsu. Laftof ma kada ka soma.

Matsalar ita ce ƙarin gudu na neman ƙarin boltej, boltej kuma zafi yake haifarwa, ba kaɗan ba. Daga 1.20 zuwa 1.35 kamar ba komai a ido, amma zafin zai ƙaru da kusan kashi 27 cikin ɗari tun kafin a lissafa na gudun. Ni a Disamba na yi saitina, da dare, ana tsananin sanyi. Furosesa ta tsaya a digiri 78, na ce shi ke nan, na iya. Na manta a Kazaure nake. Da Afrilu ta zo, ɗakinmu mai rufin kwano ya haura digiri 40 da rana. Duk digirin da ɗaki ya ƙara, kusan shi furosesa ke ƙarawa. Ga kuma ƙurar hunturu ta toshe ƙarfen sanyaya kamar an cusa auduga.

To, in abin ya same ka, fara da duba alamar da ta nuna.

Na farko, in ta ƙi tashi sam. Kada ka firgita, yawanci ba ƙonewa ta yi ba. Cire wayar wuta daga bango, buɗe akwatin, ka zare ƙaramin batirin nan mai kamar kwabo da ke jikin madabod, lambarsa CR2032. Jira minti biyar ka mayar. BIOS zai manta da saitinka ya koma na asali. Abokin ɗakina ɗan Roni ne ya tuna min wannan ina ta zufa, kuma nan take ta tashi.

Na biyu, in tana tashi amma da ka ba ta aiki mai nauyi sai ta daskare ko ta kawo shuɗin allo. Karanta abin da aka rubuta a ƙasa. In ka ga WHEA_UNCORRECTABLE_ERROR ko CLOCK_WATCHDOG_TIMEOUT, galibi boltej bai ishi gudun da ka ɗora mata ba. Hanya biyu ce: ko ka ƙara boltej kaɗan, kamar 0.01, ko ka rage lambar ninki da ɗaya. A garinmu ragewar ta fi, don ba mu da sanyin da za mu biya kuɗin ƙarin.

Na uku, in ba ta mutuwa amma sai ta yi nauyi ana tsaka da aiki. Wannan zafi ne. Furosesa in ta doshi digiri 100 da kanta take rage gudu don kada ta lalace. Saka HWMonitor ko Core Temp ka gani da idonka. Kaɗe ƙura, ka goge tsohon man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya, ka sa sabo kamar ƙwayar wake. Ƙaramar fankar da ke zuwa da furosesa ba don wannan aikin aka yi ta ba.

Na huɗu, in ta ɗauke ɗif ba gargaɗi. In zafi bai yi yawa ba, zargi fawa-fak. Mai araha ba ya iya ɗaukar ƙarin nauyin, balle ga wutar janareto mai hawa da sauka. In ba ka da UPS, kada ka taɓa BIOS a kan irin wannan wutar.

Na biyar shi ne mugun, domin ba ya ihu. Kwamfuta na aiki lafiya a ido, amma tana kuskuren lissafi jefi-jefi, tana adana kuskuren a fayilolinka. Bayan tawa ta tashi, babi na uku ya ƙi buɗewa. Kwana huɗu na yi ina sake buga shi daga takardun da sufabaiza ya yi min gyara da jan biro. Prime95 na kama irin wannan a furosesa, MemTest86 kuma a RAM. Bar su su yi awanni, kuma da rana tsaka, wajen ƙarfe biyu, ba da asuba ba.

Ƙa'idar duka ɗaya ce: canza abu ɗaya tak, ka rubuta a littafi, ka gwada, sannan ka matsa. In ka taɓa uku lokaci guda, ba za ka san wanne ya jawo ba. Ka kuma sani in sabuwa ce, obakulokin kan soke garanti.

Yanzu tawa tana kan 4.0 GHz, ba na barin ta wuce digiri 80, kuma wallahi a rubutu da lilo a intanet ban ga bambanci da 4.5 ba. Sai a haɗa bidiyo nake ganin 'yan mintuna. Kan 'yan mintunan nan na kusa rasa aikin zango guda. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Mai son koyo ya koya, ilimi ne mai kyau, ni ma ta nan na fahimci abin da muka karanta a aji. Amma ya gwada a na'urar da ba ta riƙe da komai nasa. In kuwa furojet ɗinka na ciki, yau ɗin nan ka kwafa shi a filas, ka tura wa kanka ta imel, ka bar BIOS sai bayan difens.