Yadda Ake Kwance Tsohuwar Wayar Salula Domin Gyara: Darasi Daga Sabon Ibadan

Gabatarwa

Unguwar Sabo da ke kusa da Mokola a birnin Ibadan, wadda aka keɓe wa Hausawa a 1916, ta yi suna wajen cinikin goro da shanu, daga baya kuma da canjin kuɗi. Duk sana'o'in nan sun dogara ne ga saurin samun labari daga Arewa. Shi ya sa da kamfanonin MTN da Econet suka fara aiki a Nijeriya a 2001, salula ta zama jarin ɗan kasuwa. Har yau akwai dattawan da ba su rabuwa da ƙaramar Nokia, saboda riƙe caji da jure faɗuwa. Da ma Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani. Wannan rubutu zai bayyana yadda ake kwance irin wannan waya ba tare da an ƙara mata ciwo ba.

Kayan Aiki

Mai gyara na buƙatar sukudireba mai bakin tauraro, wadda ake kira T6, da hantsaki, da buroshi mai laushi, da sifirit, da mitar gwada wuta, da kuma farin ƙyalle da zai shimfiɗa. Wuƙa ko reza ba kayan aiki ba ne, domin suna cinye kan kusa, ta ƙi fita.

Matakan Kwancewa

Da farko a kashe wayar, a cire murfin baya, a fitar da batir da layi. Wannan mataki shi ne mafi muhimmanci, domin Nokia 3310, wadda ta fito a 2000, a kan layi take ajiye lambobi. Ita kuwa Nokia 1100 mai tocila, ta 2003, tana iya ajiye wasu a cikinta, don haka sai a kwafe su tukuna. Ɗan kasuwar da ya rasa lambobin abokan cinikinsa ya yi asarar da ta fi kuɗin wayar.

Na biyu, a ɓalle murfin gaba a ɗauke robar madannai. Daga nan kusoshi za su bayyana. A kwance su ɗaya bayan ɗaya, a jera su a kan ƙyalle yadda suke a jikin wayar.

Na uku, a taɓa wani ƙarfe kafin a ɗaga allo da injin, domin jikin mutum na tara wata 'yar wuta, musamman lokacin hunturu, wadda ke iya ƙona ƙananan kayan ciki. A riƙe injin ta gefe kawai. Abin sha'awa a 3310 shi ne, sifika da makirufo da bakin caji ba a liƙe suke da dalma ba, 'yan ƙarafa ne masu lanƙwasa ke danne injin. Saboda haka ana iya canza su da hantsaki.

Gano Matsala

Sau da yawa datti ne ko tsatsa ke hana waya aiki. Ibadan gari ne mai ruwan sama da laima, ga kuma gumin aljihu. Idan aka ga kore-kore a jikin injin, sai a goge da sifirit, a bari ya bushe sarai. Wayar da ta faɗa ruwa kada a kunna ta, a cire batir nan take, domin wuta da ruwa ne ke haɗuwa su cinye hanyoyin ciki. Batirin 1100, wato BL-5C, ƙarfinsa bolt 3.7 ne, kuma mita za ta nuna ko ya mutu. Wanda ya kumbura kuwa, kada a huda shi ko a jefa a wuta, yana iya fashewa.

Kammalawa

Mayar da waya bin matakan nan ne daga ƙarshe zuwa farko, ba tare da matse kusoshi fiye da kima ba. Abin da ya shafi narka dalma kuwa sai a bar wa gwanaye. Kasuwanni irin su Farm Centre a Kano da Computer Village a Ikeja sun nuna cewa gyaran waya sana'a ce mai ci da mutum. Ya kamata ɗalibi ya koyi irinta tun yana makaranta, domin sana'a sa'a.