Tabon Ƙuruciya da Waswasin Girma

Daga cikin cututtukan da ke addabar ɗan Adam akwai wadda ba ta zubar da jini, ba ta kwantar da mai ita, amma takan bi shi tun daga ƙuruciya har furfura, wato tabon da duka ko firgici ko cin zarafi ke bari a zuciyar yaro. Sai ka ga magidanci mai kamala zaune cikin jama'a, da zarar ya ji ƙarar dorina gabansa ya faɗi, gumi ya karyo masa, alhali wanda ya azabtar da shi ya daɗe da kwanta dama. Binciken da likitoci Felitti da Anda suka fara bayyanawa a Amurka a 1998, wanda ya game mutum sama da 17,000, ya nuna gwargwadon wahalar ƙuruciya, gwargwadon yawan baƙin ciki da shaye-shaye da ciwon zuciya bayan girma.

Mafi cin rai cikin abin da wannan tabo kan bari shi ne waswasi, mugun tunanin da ke faɗowa ba sallama, wani lokaci ana tsakiyar salla, har bawan Allah ya yi zaton imaninsa ya gurɓata, ya yi ta maimaita alwala, yana ɓoye damuwarsa ko ga matarsa. Ga shi kuwa ya tabbata a Sahihu Muslim cewa sahabbai sun kai kukan irin wannan ga Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya shaida musu cewa ƙyamar da suke yi wa tunanin ita ce tsantsar imani. Malami Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya lissafa waswasi cikin cututtukan rai masu magani, ya hori mai shi da ya guji kaɗaici da zaman banza.

Saboda haka nake ganin kuskuren masu cewa "ka manta, ai ya wuce", domin gwajin masanin halayyar ɗan Adam Daniel Wegner na 1987 ya nuna wanda aka hana shi tuna abu, abin ya fi dawo masa. Yaran Borno da Zamfara da suka ga kisa da idanunsu suna bukatar mai saurare da haƙuri, sa'an nan likita. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Dawanau da Barnawa da Kware da Maiduguri kuwa suna duba irin wannan larura, ta hanyar tattaunawa, da magani in hali ya kai.