Ɓarawon Da Ba Ya Haura Katanga

A Kakuri, Barnawa, Narayi da Sabon Tasha mun saba da 'yan sintiri masu gadin layi da dare. Amma akwai ɓarawon da ba ya haura katanga. Waya yake bugowa, ya ce daga banki yake, wai za a rufe asusunka in ba ka karanta masa lambar da ta shigo wayarka ba. Kana karantawa, kuɗin takin da ka tara tun rani sun tafi. Banki ba ya tambayar lambar sirri ta waya.

Gwamnati ta kafa dokar hana laifukan intanet a 2015, ta gyara ta a 2024. Hukumar EFCC tana da ofis a nan Kaduna. Sai dai aikin hukuma yakan fara ne bayan an yi ɓarna.

Ga abin da ya fi damunmu. Kuɗin sata dole su sauka a asusun wani, kuma sau da yawa na yaron unguwa ne da aka ba 'yan canji ya ba da aro. Tun da aka kawo BVN a 2014, asusu yana haɗe da sunan mai shi da zanen yatsunsa. Shi za a fara nema, ubangidan nasa kuwa ya sulale.

Don haka iyaye mu tambayi 'ya'yanmu wa ke amfani da asusunsu. A yi maganar a wurin adashi da taron unguwa. Wanda aka cuta ya aje kunya, ya kira bankinsa nan take a toshe asusun, sannan ya kai ƙara wurin 'yan sanda da lambar da ta kira shi.