Sandar Majalisa da Alƙalamin Gwamna: Yadda Ake Tafiyar da Jiha

A ranar 23 ga Yuni, 1981, majalisar dokokin tsohuwar Jihar Kaduna ta tsige Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa, gwamna na farko da aka taɓa tsigewa a Najeriya. Shi ɗan PRP ne, majalisar kuwa 'yan NPN ne ke da rinjaye a cikinta. Kusan shekara biyu yana aika sunayen waɗanda yake so su zama kwamishinoni ana mayar masa, har ya bar kujera bai kafa majalisar zartarwa ba. Har gobe ana muhawara kan adalcin abin da aka yi masa, amma ya bar mana darasi: gwamna ba shi kaɗai ke riƙe da jiha ba.

Tsarin mulkin 1999 ya raba aikin. Gwamna shi ne shugaban ɓangaren zartarwa. Kafin ya hau, sai ya fi kowa ƙuri'a, kuma ya samu aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na ƙananan hukumomin jiharsa. Wa'adinsa shekara huɗu ne, sau biyu kacal. A ƙarƙashinsa akwai mataimaki, da sakataren gwamnatin jiha, da kwamishinoni masu riƙe da ma'aikatu. Kwamishina ɗan siyasa ne, yau yana nan gobe ba ya nan. Babban sakatare da sauran ma'aikata su ne ke zama da fayil da sanin aiki, ƙarƙashin shugaban ma'aikatan jiha.

Majalisar dokoki kuwa ba ta gaza mutum 24 ba, ba ta wuce 40 ba. Zamfara na da 24, Kano na da 40 ga ƙananan hukumomi 44, shi ya sa wasu mazaɓun suka haɗa ƙananan hukumomi biyu. 'Yan majalisar ne ke zaɓen kakaki a tsakaninsu, kuma dole su zauna aƙalla kwana 181 a shekara. Ƙudirin doka kan bi karatu na farko da na biyu, ya shiga hannun kwamiti, inda ake iya kiran jama'a su faɗi ra'ayinsu, sannan a yi karatu na uku a aika wa gwamna. Yana da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. Idan ya ƙi, kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa suka sake amincewa, ƙudirin ya zama doka ko bai so ba.

Babban makamin majalisa shi ne kuɗi. Gwamna ne ke tsara kasafi, amma ko kwabo ba ya halatta a fitar daga asusun jiha sai da dokar da majalisa ta zartar. Ajin da rufinsa ya kware, da asibitin da babu magani, da takin da bai iso manomi ba sai bayan shuka, duk akwai layinsu a cikin wannan kasafi. Majalisa na da ikon kiran kowane kwamishina ya zo ya yi bayani, kuma gare ta babban mai binciken kuɗi na jiha ke miƙa rahotonsa. Ita ke tantance kwamishinoni, ita ke amincewa da naɗin babban alƙalin jiha.

Tsige gwamna ma an gindaya masa sharuɗɗa. Kashi ɗaya cikin uku ne ke sa hannu a takardar zargi, kashi biyu cikin uku su yarda a bincika, babban alƙali ya kafa kwamitin mutum bakwai, sannan kashi biyu cikin uku su karɓi rahoton. Da aka tsallake waɗannan matakai wajen tsige Rashidi Ladoja na Oyo a 2006, Kotun Ƙoli ta tabbatar da mayar da shi kujerarsa a cikin shekarar.

To, ina gizo ke saƙar? A jihohi da dama gwamna ne uban jam'iyya, da yawunsa ake samun takara, don haka wanda aka zaɓa ya sa masa ido kan koma ɗan amshin Shata. Dubi Kano. A watan Mayun 2019 majalisa ta zartar da dokar da ta ƙirƙiro masarautun Bichi, Rano, Gaya da Ƙaraye cikin 'yan kwanaki. A watan Mayun 2024, bayan mulki ya sauya hannu, majalisar ta rushe masarautun da irin wannan saurin. Kowa na da ɓangaren da yake goyon baya, amma al'amarin da ya taɓa tarihin miliyoyin mutane ya cancanci a zauna a ji ta bakinsu kafin a buga guduma. An gyara tsarin mulki a 2018 don majalisun jihohi su riƙa karɓar kuɗinsu kai tsaye, sai dai 'yancin aljihu ba ya isa idan babu 'yancin zuciya.

Mu ma da laifinmu. A yawancin jihohi rana ɗaya ake zaɓen gwamna da ɗan majalisar jiha, sai mu dangwala sak, ba mu ko tambayi sunan na biyun ba. Alhali shi ne ya fi kusa da mu: ɗan unguwa ne, ana haɗuwa da shi a ɗaurin aure da jana'iza. Idan ya zo, kafin a roƙe shi kuɗin magani, a tambaye shi nawa aka ware wa asibitin garin a kasafin bana, nawa aka saki, kuma me ya ce a zauren majalisa da ba a saki sauran ba. Ranar da ya san za a yi masa wannan tambaya a ƙofar gidansa, ranar zai fara yi wa gwamna ita.