Sayarwar Sulhu Ko Ƙwacen Jingina: Zaɓin Mai Gidan Da Bashi Ya Fi Ƙarfinsa A Amurka

Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. A ƙasar Amurka, inda akasarin magidanta ke sayen muhallinsu da rancen banki na shekara 30, gidan da kansa shi ne jinginar rancen. Muddin mutum yana biyan kuɗin wata-wata, babu mai taɓa shi. Amma ranar da aiki ya kuɓuce masa, ko ciwo ya cinye abin hannunsa, sai ya wayi gari hanyoyi biyu ne a gabansa, kuma kowace ya bi zai rabu da gidan.

Hanya ta farko ita ce ƙwacen jingina, watau bankin ya karɓe gidan ya yi gwanjonsa. Ta biyu kuma ita ce sayarwar sulhu, inda mai gidan zai nemo mai saye da kansa, bankin kuma ya yarda ya karɓi kuɗin cinikin ko da bai kai bashin da yake bi ba.

Wannan zaɓi ya zama ruwan dare ne bayan da farashin gidaje ya karye a Amurka. Daga 2006 zuwa 2012 darajar gidaje ta faɗi da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, miliyoyin mutane suka tarar bashin da ke kansu ya zarce kuɗin gidan. Kamfanin RealtyTrac ya ƙiyasta cewa a 2010 kaɗai bankuna sun karɓe gidaje fiye da miliyan ɗaya.

Alal misali, a ce ana bin magidanci dala dubu 250, alhali gidansa ba zai wuce dala dubu 180 a kasuwa ba. Ko ta wace hanya aka sayar, akwai giɓin aƙalla dala dubu 70. Wanda zai ɗauki wannan giɓi shi ne zuciyar maganar.

A wajen ƙwace, dokar jiha ce ke yanke hukunci. Jihohi da dama sun ba banki damar komawa kotu bayan gwanjo ya nemi ragowar kuɗinsa, har a riƙa yankar albashin mutumin da ya riga ya rasa gida. Bugu da ƙari, gidan gwanjo ba ya daraja. Wani bincike da masana tattalin arziki suka buga a 2011 kan cinikin gidaje a jihar Massachusetts ya nuna cewa gidan da aka ƙwace yakan rasa kimanin kashi 27 cikin ɗari na farashinsa. Ke nan giɓin ƙara faɗi yake yi.

A sayarwar sulhu kuwa, mai gida yana da bakin magana. Yana iya neman bankin ya rubuta cewa ya yafe ragowar bashin. Sai dai yardar banki a sayar da gida daban take da yafe ragowar, kuma a nan ne mutane da yawa suka faɗa rami: sun miƙa makulli suna ganin an gama, daga bisani masu karɓar bashi suka biyo su. Domin haka ne jihar Kalifoniya ta yi doka a 2011 wadda ta hana masu ba da rance bin ragowar bayan sun amince da sayarwar. Ita ma gwamnatin tarayya ta ɓullo da shirin HAFA a watan Afrilun 2010, wanda ya wajabta yafe ragowar, ya kuma ba mai gida dala 3,000 kuɗin ƙaura. An ɗaga kuɗin zuwa dala 10,000 a 2015, shirin kuma ya ƙare a ƙarshen 2016.

Ta fuskar mutuncin mutum a idon masu ba da lamuni, bambancin bai kai yadda ake zato ba. Duka biyun sukan zauna a kundin tarihin bashin mutum har shekara 7, kuma kamfanin FICO, mai auna cancantar masu neman rance, ya bayyana cewa illar sayarwar da ta bar ragowar bashi kusan daidai take da ta ƙwace. Inda tazarar ta fito fili shi ne wajen sake sayen gida. A ƙa'idar Fannie Mae, wanda aka ƙwace wa gida sai ya jira shekara 7 kafin ya cancanci sabon rance, wanda ya yi sulhu kuwa shekara 4.

Amma sulhu ma yana da nasa wahalhalu. Dole mai gida ya kawo shaidar cewa ƙunci ne ya same shi, ya gabatar da takardun albashi da na ajiyarsa a banki, sa'an nan ya jira watanni kafin amsa ta zo, wani lokaci har mai saye ya gaji ya janye. In kuma akwai rance na biyu a kan gidan, mai wannan rancen yana iya ƙin sa hannu, cinikin ya watse. Kazalika hukumar haraji ta Amurka tana ɗaukar bashin da aka yafe a matsayin kuɗin shiga. Dokar da Shugaba George W. Bush ya sa wa hannu a Disamban 2007 ta ɗauke wannan haraji har kan dala miliyan 2, amma ta wucin gadi ce. Tsawaitawar da aka yi mata a ƙarshen 2020 ta rage adadin zuwa dala dubu 750, da wa'adin ƙarshen 2025.

Shi ma ƙwace ba ya rasa ɗan amfani ga wanda ba shi da wurin zuwa, domin yana ɗaukar lokaci. Tun daga Janairun 2014, ƙa'idar tarayya ta hana fara shi sai an haura kwana 120 ba a biya ba. A jihohi irin su New York da New Jersey da Florida, inda sai an bi ta kotu, shari'ar takan ɗauki shekaru, iyali suna zaune a gidan. A Texas kuwa, inda galibi ba a buƙatar kotu, 'yan watanni sun isa. Kotun kan zama kariya: a 2010 aka gano wasu bankuna suna sa hannu a dubban takardun ƙwace ba tare da dubawa ba, abin da ya kai manyan masu ba da rance biyar ga sasantawar dala biliyan 25 da gwamnatin tarayya da jihohi 49 a Fabrairun 2012.

Idan aka auna duka biyun, sulhu ya fi sauƙi ga wanda ya farga da wuri, ya tunkari bankin tun kafin takardar kotu ta iso, ya kuma ƙi sa hannu sai ya ga yafiyar ragowar a rubuce. Wanda ya yi sakaci da wannan sharaɗi ɗaya, ya bar gidan ne kurum, bashin yana nan biye da shi.